Filifin: Shagunan Gahawa Na Bunƙasa Yayin Da Gonakinta Ke Ja Da Baya

A cikin shekaru talatin da suka wuce, harkar shagunan shan gahawa ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in da suka fi saurin yaɗuwa a biranen ƙasar Filifin, musamman a Manila, babban birnin ƙasar, da Cebu da Davao. Tare da yaɗuwar shagunan ne wata sabuwar sana'a ta kafu a tsakanin matasa, wato sana'ar barista, wanda shi ne ma'aikacin da ke tsaye a bayan kanta yana niƙa gahawa, yana dafa ta da inji, yana kuma haɗa ta da madara gwargwadon buƙatar mai saye. Kalmar daga harshen Italiya ta fito.

Sai dai wannan bunƙasa tana tafe da wani al'amari mai ɗaure kai ga masana tattalin arziki. Ƙasar da a ƙarni na 19 take cikin manyan masu sayar wa duniya gahawa, yanzu mafi yawan gahawar da jama'arta ke sha daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Kazalika ƙwararrun ma'aikatan da shagunan ke horarwa, da yawansu ba su daɗewa sai su nufi ƙasashen Larabawa neman albashi mai tsoka. Ingancin abin da ake zuba wa mai saye a kofi ya rataya ne a kan waɗannan abubuwa biyu.

Tarihin gahawa a ƙasar

Bisa ga tarihin da ya fi shahara a ƙasar, wani limamin Kirista ɗan Sifaniya ne ya kai irin gahawa garin Lipa na lardin Batangas, kudu da Manila, wajejen shekarar 1740, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Sifaniya. Buɗe mashigin ruwa na Suez a 1869 ya rage nisan tafiya zuwa kasuwannin Turai. A daidai wannan zamani ne cutar tsatsar ganye ta lalata gonakin gahawa na tsibirin Silan, wato Siri Lanka ta yanzu, daga baya kuma ta shiga Jawa, abin da ya sa farashi ya tashi, manoman Batangas suka sami kasuwa. Arzikin da Lipa ta tara ya kai ga sarauniyar da ke riƙon gadon sarautar Sifaniya ta ɗaga darajar garin a 1887.

Daɗin bai ɗore ba. A 1889 cutar ta iso Batangas, ƙwari suka biyo bayanta, cikin 'yan shekaru kaɗan gonakin suka mutu. Manoma da dama suka koma noman rake da wasu amfanin gona, noman gahawa kuma ya ƙaura zuwa lardin Cavite da ke maƙwabtaka.

Harkar ta sake farfaɗowa a rabin ƙarni na 20 na biyu, har ƙasar ta koma fitar da gahawa a shekarun 1980. Amma a watan Yulin 1989 tsarin ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta sayar, wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyar gahawa ta duniya, ya rushe, farashi ya faɗi warwas. A shekarun da suka biyo baya ƙasar Biyetnam ta shigo kasuwa da ƙarfinta, ta cika ta da gahawa mai araha. Manoman Filifin da yawa suka sare itatuwansu, wasu kuma a Cavite suka sayar da gonakin aka yanka su fuloti-fuloti. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare, ƙasar ta koma mai sayowa.

A halin yanzu mafi yawan gahawar ƙasar daga tsibirin Mindanao da ke kudu take fitowa, inda lardin Sultan Kudarat ke kan gaba. Filifin na cikin ƙasashe ƙalilan da ke noma nau'o'i huɗu na gahawar kasuwa, wato Robusta da Arabika da Liberika da Ekselsa. Liberika ita ce 'yan ƙasar ke kira barako, mai manyan ƙwayoyi da ƙamshi mai ƙarfi, wadda mutanen Batangas ke alfahari da ita. A tsibiran Sulu kuwa, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tausug suke da tsohuwar al'adar zaman shan gahawa, sunanta kahawa, daga tushen Larabcin da Hausa ta samo kalmar gahawa.

Kasuwa mai hawa uku

Duk wanda ke son fahimtar kasuwar gahawa ta Filifin sai ya fara daga ƙananan kantunan unguwa da ake kira sari-sari, waɗanda suka yi daidai da teburan 'yan tireda. A nan ake sayar da gahawar leda, wadda aka haɗa garin gahawa da sukari da garin madara wuri guda, mai saye ya juye a ruwan zafi kawai. Leda ɗaya ba ta kai peso 20 ba. Nescafé na kamfanin Nestlé, da Kopiko na wani kamfanin Indunisiya, da Great Taste na kamfanin Universal Robina na cikin gida, su ne suka mamaye wannan fage, kuma har yanzu wannan ita ce gahawar da mafi yawan jama'a ke sha. Nestlé, wanda ke da masana'anta a birnin Cagayan de Oro, shi ne babban mai sayen Robusta daga hannun manoman ƙasar.

Hawa na biyu shi ne na manyan kamfanoni masu rassa. Kamfanin Figaro ya fara a Manila a 1993, Bo's Coffee ya biyo baya a Cebu a 1996, sa'an nan Starbucks na Amurka ya buɗe reshensa na farko a unguwar 'yan kasuwa ta Makati a watan Disambar 1997, ta hannun kamfanin Rustan na cikin gida. Rassan Starbucks a ƙasar sun haura 400. Waɗannan shaguna sun sayar wa jama'a fiye da abin sha, domin a birni mai zafi da cunkoso kamar Manila, wurin zama mai na'urar sanyaya ɗaki da intanet da wurin cajin waya abu ne da ɗalibai da ma'aikata ke biyan kuɗi dominsa. Har ila yau ƙasar na da ma'aikata fiye da miliyan ɗaya da rabi a kamfanonin da ke amsa waya da gudanar da ayyukan ofis a madadin kamfanonin ƙetare, kuma da yawansu da dare suke aiki saboda bambancin lokaci da Amurka. Waɗannan sun zama kwastomomi na dindindin.

Girman ribar da ake hange a wannan fage ya fito fili a 2019, lokacin da kamfanin Jollibee, wanda ya fi kowane girma a harkar gidajen abinci a Filifin, ya sayi kamfanin The Coffee Bean & Tea Leaf na Amurka a cinikin dala miliyan 350. A 2024 kuma ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Compose Coffee na Koriya ta Kudu.

Hawa na uku ya fara bayyana ne a farkon shekarun 2010, da ƙananan shaguna masu zaman kansu irin su Yardstick da ke Makati, waɗanda ke soya gahawarsu da kansu, suna rubuta sunan gonar da ta fito da ranar da aka soya ta a jikin leda. A irin waɗannan shaguna ne maganar inganci da ƙwarewar barista ta samo asali. Kullen annobar korona na 2020 ya rufe shaguna da dama, amma ya haifar da wani sabon salo, inda ma'aikatan da suka rasa aiki suka riƙa sayar da gahawa daga bayan mota ko babur a bakin hanya, wasunsu kuma daga baya suka kama shago.

Abin da ake nufi da inganci

A wurin masu sana'ar, inganci abu ne da ake aunawa. Ƙungiyar ƙwararrun gahawa ta duniya ta yaɗa wani ma'auni mai maki 100, wanda masu ɗanɗano da aka horar aka kuma ba su shaida ke amfani da shi, suna duba ƙamshi da tsami da kauri da tsabtar ɗanɗano. Gahawar da ta sami maki 80 ko fiye ita ake kira ta musamman, kuma farashinta ba ya bin na kasuwar gama-gari.

Amma ƙwaya mai kyau rabin aiki ce. Tushen yawancin abin da ake sha a shagunan shi ne esfireso, wato gahawa mai kauri da ake samu idan inji ya tura ruwan zafi da ƙarfin tsiya ta cikin garin da aka danne. Barista yakan auna kimanin giram 18 na gari, ruwan yana da zafin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma tsiyaye cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan niƙan ya yi tsaki-tsaki ruwan ya wuce da sauri, sai gahawar ta yi tsami salam. Idan ya yi laushi da yawa ruwan ya daɗe, sai ta yi ɗaci. A ƙasa mai laima irin Filifin, garin gahawa yana sauya hali daga safiya zuwa yamma, don haka dole ma'aikaci ya riƙa ɗanɗanawa yana gyara injin niƙa sau da yawa a yini. Madara ma da ƙa'idarta, domin idan tururi ya kai ta fiye da digiri 65 ko makamancin haka, zaƙinta yakan gudu, kumfar kuma ta lalace.

Wannan ne ya sa shaguna biyu masu inji iri ɗaya da ƙwaya iri ɗaya kan ba da gahawa mabambanciya. Ƙorafin da masu shan gahawa a Manila suka fi yi shi ne rashin tabbas, wato shago ya yi daɗi yau, gobe ya ba da kunya, saboda an canja ma'aikaci. Wani ƙorafin kuma shi ne shagunan da ke kashe jarinsu wajen ƙawata ɗaki domin masu ɗaukar hoto su sa a Instagram, su bar injin niƙa da tace ruwa da horar da ma'aikata a baya. Ga kuma batun zaƙi. Bakin jama'a ya saba da gahawar leda, shi ya sa haɗin da ake zuba wa madarar gwangwani mai kauri ya fi shiga kasuwa, kuma sukari da ƙanƙara suna iya ɓoye aibin gahawa marar kyau. Mai shagon da ya nace a kan inganci sai ya yi haƙurin koya wa kwastoma, a lokacin da kuɗin haya ba ya jira.

Sana'ar barista da ladarta

Gwamnatin Filifin ta amince da wannan aiki a matsayin sana'a. Hukumar koyar da sana'o'i ta ƙasa, wato TESDA, wadda aka kafa a 1994, tana da manhaja da jarrabawa da takardar shaida ta barista. Ban da ita akwai makarantu masu zaman kansu da kamfanonin suyar gahawa da ke horar da ma'aikatan shagunan da suke sayar wa kaya. Akwai kuma gasa ta ƙasa, wadda zakaranta ke wakiltar Filifin a gasar barista ta duniya da aka fara a shekarar 2000 a Monte Carlo, inda ake ba kowane ɗan takara minti 15 ya haɗa gahawa iri-iri a gaban alƙalai yana bayanin abin da yake yi. Michael Harris Conlin, wanda ya ci gasar ƙasa ta 2019, shi ya wakilci ƙasar a birnin Boston na Amurka a wannan shekara.

Duk da wannan ɗaukaka, albashin akasarin masu sana'ar bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba. A yankin Manila, mafi ƙarancin ladan yini ya tashi daga peso 610 a 2023 zuwa 645 a 2024, sa'an nan 695 a 2025, a larduna kuma bai kai haka ba. Kofi ɗaya na gahawa da madara a manyan shaguna yakan kama tsakanin peso 150 zuwa 200. Ke nan kofi guda ya kai kimanin rubu'in ladan yinin wanda ya haɗa shi. Dokar da aka zartar a 2019, wadda ta wajabta raba wa ma'aikata dukkan kuɗin hidima da gidajen abinci ke ƙarawa a kan lissafin kwastoma, ta ɗan taimaka, sai dai ba kowane shago ne ke karɓar wannan kuɗi ba. Bugu da ƙari akwai tsohuwar al'adar nan da 'yan ƙasar ke kira endo, wato sallamar ma'aikaci kafin ya cika wata shida domin kada doka ta mai da shi na dindindin, al'adar da ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna yaƙi da ita a fagen kantuna da gidajen abinci.

Sakamakon haka shi ne ƙaura. Filifin na cikin ƙasashen da suka fi tura ma'aikata waje, kuma kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a kowace shekara. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Dubai ko Jidda ko Doha sun san yadda 'yan Filifin suka yi yawa a bayan kanta a otal-otal da shagunan gahawa na waɗannan birane. Iya Turanci da kyakkyawar tarbar baƙo sun sa ana rububinsu, haka ma a jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa. Ta fuskar ƙasa baki ɗaya wannan hanyar samun kuɗin waje ce. Ga ƙaramin mai shago a Manila kuwa asara ce, domin shi ya ɗauki nauyin horarwa, wani ya ci moriyar. Wannan kan sa wasu masu shaguna su ƙi kashe kuɗi a kan horo tun farko, abin da ke ƙara dagula matsalar rashin tabbas ɗin da kwastomomi ke kuka da ita.

Lissafin mai shago

Idan aka dubi kofi guda na gahawa da madara, za a tarar kusan duk abin da ke cikinsa da kuɗin waje aka saye shi. Injin esfireso galibi daga Italiya yake zuwa. Madarar da ƙasar ke samarwa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na buƙatarta ba, sauran ana shigo da ita daga ƙasashe irin su New Zealand da Amurka. Ƙwayar gahawa ta gama-gari daga Biyetnam da Indunisiya take, waɗanda yarjejeniyar ciniki ta ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ta sauƙaƙa wa harajin shigo da kaya, ta musamman kuwa sau da yawa daga Habasha ko Burazil ko Kolombiya. Saboda haka duk lokacin da darajar peso ta faɗi, ko farashin duniya ya tashi, mai shago ne ke fara ji a jika. An ga haka a 2024 da farkon 2025, lokacin da fari a Burazil da Biyetnam ya kai farashin gahawa matsayin da ba a taɓa gani ba, har Arabika ta haura dala 4 a kan kowace laba a kasuwar New York a watan Fabrairun 2025.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙara farashi ba abu ne mai sauƙi ba, saboda sababbin masu gasa. Kamfanin Pickup Coffee, wanda ya fara a 2022, ya zo da tsarin ƙananan rumfuna marasa wurin zama, yana sayar da kofi ƙasa da peso 100. Zus Coffee na Malesiya ya shigo a 2023 da tsari makamancin wannan. Irin waɗannan kamfanoni sun dogara ne ga yawan ciniki da oda ta wayar hannu da tsarin aiki mai sauƙin koyo. Shago mai zaman kansa ya tsinci kansa a tsakiya, manya sun fi shi wuri da suna, masu araha sun fi shi farashi. Abin da ya rage masa na gasa shi ne ɗanɗano da hannun ma'aikacinsa.

Komawa gona

Babbar matsalar manoman ƙasar ita ce ƙarancin amfani. Taswirar bunƙasa gahawa da ma'aikatun gona da na ciniki suka ƙaddamar a 2017 ta nuna cewa hekta guda ba ta ba da fiye da kimanin sulusin tan na ƙwaya, alhali a Biyetnam hekta tana ba da fiye da tan biyu. Itatuwa sun tsufa, gonaki ƙanana ne, rance yana da wuyar samu, ga guguwa kusan ashirin da ke ratsa yankin ƙasar kowace shekara. Aman wutar dutsen Taal a watan Janairun 2020 ya lulluɓe gonakin Batangas da Cavite da toka. Akwai kuma al'adar zage reshe gaba ɗaya, nunannu da ɗanyu, da shanya a ƙasa, wanda ke rage darajar ƙwayar tun kafin ta bar ƙauye.

A nan ne sana'ar barista ta fara yin tasirin da ya wuce bakin kanta. Hukumar gahawa ta Filifin, ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da aka kafa a 2002, ta daɗe tana kira ga manoma su riƙa tsinkar jajayen 'ya'ya kawai. A ƙarshen shekarun 2010 aka fara gasar ingancin gahawa ta ƙasa, inda ƙwararrun masu ɗanɗano ke ba samfuran manoma maki, a kuma yi gwanjon waɗanda suka yi fice a farashin da ya ninka na kasuwa. Arabikar da ake nomawa a gangaren dutsen Apo a lardin Davao del Sur, da ta Bukidnon, da ta tsaunukan Benguet da Sagada a arewa, ta sami suna ta wannan hanya. Masu suyar gahawa da baristoci sun soma zuwa gonaki da kansu, suna ƙulla ciniki kai tsaye da ƙungiyoyin manoma, suna nuna musu yadda wanki da shanya a kan gadaje ke sauya ɗanɗano. Barako ma, wadda a da ake fargabar ɓacewarta, ta sake samun masu nema.

Gahawa ta musamman ƙaramin kaso ce na abin da ƙasar ke sha, kuma ba za ta cike giɓin da ke tsakanin noma da buƙata ba, domin wannan aiki ne na sababbin itatuwa da rance da hanyoyin karkara. Abin da ta yi shi ne ta nuna wa manomi cewa akwai mai biyan kuɗin wahalarsa idan ya kyautata aiki. Ko wannan kasuwa za ta ɗore, ya danganta ga shagunan da ke saye, su kuma shagunan sun dogara ga ma'aikatan da suka iya fitar da darajar ƙwayar a kofi. Muddin ladan barista a Manila ya ci gaba da zama kusa da mafi ƙarancin albashi, shagunan Dubai da Riyad za su ci gaba da ɗebe waɗanda suka fi ƙwarewa, manoman Mindanao da Benguet kuma su ne za su fi jin raɗaɗin hakan a farashin amfanin gonarsu.